Na haddace Taegeuk takwas, amma koci ya tsayar da ni a na huɗu

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 26, gyaran waya nake yi a kasuwa. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina koyon tekwando a wani kulob a garinmu, yanzu koren bel gare ni. Allah ya ba ni saurin hadda. Da daddare nakan zauna da waya ina kallon bidiyo, har na haddace pumsen Taegeuk duka takwas (pumse shi ne tsararren jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai), na ma fara taɓa Koryo na masu baƙin bel. Amma sau biyu ke nan ana gwajin ƙarin bel koci yana cewa in dakata, in ci gaba da Taegeuk na huɗu. Abin da yake faɗa kawai shi ne ba ni da ƙafa, ina tashi ina sauka in ina tafiya, kuma ba na komawa inda na fara. Ga wani yaro ɗan shekara 14 da ya zo a bayana, bai san komai ba bayan na huɗu, an ɗaura masa shuɗin bel a gabana. Gwiwata ta hagu ma ta fara ciwo in na yi shurin gefe. Akwai wani kulob da aka ce in ka biya kuɗin gwaji, duk wata biyu sai an ƙara maka bel. In koma can ne? Kuma tsakani da Allah, pumsen nan yana da wani amfani? Ni dai ban ga Alfaga, ɗan tekwandon nan na Nijar, yana yin sa ba ranar da ya ci lambarsa.

Daga Mai Koren Bel

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, mu huta. Daga abin da ka rubuto da hannunka, kocinka bai zalunce ka ba. Ban ga wasanka ba, amma abubuwa ukun da ya lissafa maka ba maganar mai ƙinka ba ce. Wanda ba ya son ka cewa zai yi ba ka isa ba, ya juya ya tafi. Wannan kuwa ya nuna maka daidai inda gyaran yake, sai dai ya faɗe shi a dunƙule, irin na mutanen da suka fi iya nunawa da jiki a kan bayani da baki.

Ka tuna makarantar allo. Yaro yakan haddace abin da ke allonsa tun kafin azahar, ya zo yana rawar jiki a ce masa ya wanke. Malam ya saurare shi har ƙarshe, ya ce je ka ƙara biyawa. Ba mantuwa yaron ya yi ba. Baƙaƙen ne ba sa fita daga inda ya kamata, yana haɗiye wasu, yana ja inda ba a ja. Taegeuk na ɗaya motsi 18 ne kacal, duk mai kaifin kai zai iya riƙe jerinsa cikin mako guda. Abin da ke cin watanni shi ne a ce kowane ɗaya cikin 18 ɗin nan ya fita da tsawonsa, da tsayinsa, da nauyinsa.

Dubi yadda alƙalai ke ba da maki a gasar pumse, za ka gane. Maki 10 ne gaba ɗaya. Huɗu na daidaito ne, shida na yadda aka gabatar: sauri da ƙarfi, sanin inda ake hanzari da inda ake jinkiri, da kuzarin da ke fita daga jikin ɗan wasa. Ƙaramin kuskure a cire 0.1, babba a cire 0.3. Ba a ba kowa ko ɗigon maki don ya tuna jerin. Wannan an ɗauka kowa ya zo da shi daga gida. Abin da ka kwana kana tarawa a waya, shi ne kaɗai abin da ba a biya a kansa.

Su waɗannan takwas ɗin ba jera su aka yi haka kawai ba. Malaman Koriya ne suka tsara su a farkon shekarun 1970, suka maye gurbin wani tsohon jeri mai suna Palgwe, kuma su ne manhajar Kukkiwon, hedikwatar tekwando da aka buɗe a birnin Seoul a 1972. Kowanne yana ɗora wa jiki sabon kaya a kan na baya. Na ɗaya da na biyu yawanci gajeriyar tsayuwa ce ta tafiya, ap sogi, da doguwar tsayuwa, ap kubi, sai kariya ta ƙasa da ta tsakiya da ta sama, da naushi, da shurin gaba. A na uku ake shigo da dwit kubi, tsayuwar da nauyi ke komawa ƙafar baya, tare da bugu da gefen hannu. Sai na huɗu, inda aka tsayar da kai. A nan mutane da yawa ke maƙalewa, kuma da dalili.

Ka bi shi a zuciyarka. Ka buɗe da dwit kubi da kariyar hannu biyu a buɗe, ka taka gaba zuwa ap kubi ka soka yatsu. Tun a motsi biyun farko an ce ka kwashe nauyinka daga baya ka kai shi gaba ba tare da ka yi tangaɗi ba. Ka hau layin tsakiya, hannu ɗaya yana kare sama ɗayan yana saran wuya a lokaci guda, sai shurin gaba da naushi, sai shurin gefe biyu a jere, hagu da dama, kuma na biyun dole ka sauke shi cikin dwit kubi cif, ba faɗowa za ka yi ba. Daga nan ka juya kashi uku cikin huɗu na cikakken zagaye a kan ƙafa ɗaya, ka sake zama a dwit kubi, ka yi shurin gaba da ƙafar baya, ka maido ta inda ta fito kafin ka kare. Wannan maido ƙafar shi ke tona asirin kowa. Wanda bai zauna sosai a kan ƙafar da ke ƙasa ba, jikinsa zai bi shurin ya tafi gaba, sai ya dawo da tsalle. Yaron da aka ɗaura wa shuɗi, ina kyautata zaton wannan wurin ya iya.

Abin da ke gaba duk a kan wannan aka gina shi. Na biyar ya kawo gwiwar hannu da tsayuwar harɗe ƙafa, na shida shurin kewaye, na bakwai tsayuwar damisa inda kusan duk nauyi ke kan ƙafa ɗaya, na takwas shuri da tsalle. Koryo da kake taɓawa, na mai baƙin bel dan na ɗaya, wato matakin farko na baƙin bel, tun a farkonsa akwai shurin gefe biyu da ƙafa ɗaya, ƙasa sannan sama, ba tare da an sauke ta ba. Ga wani abu da nake so ka riƙe: Keumgang, pumsen dan na biyu, babu shuri ko ɗaya a cikinsa. Tsayuwa ce da ƙafa ɗaya irin ta gauraka, kana motsa hannu a hankali ana ƙirga maka, sai juyi da zama mai nauyi. Wato in ka yi nisa, ba yawan motsi ake ƙara maka ba, ƙafar nan dai da kocinka ke magana ita za a sake tambayar ka. Jarrabawar baƙin bel kanta ba ta barin baya: ana sa mutum ya yi Taegeuk na takwas, a kuma zaɓo masa wani daga cikin na baya, ba shi zai zaɓa ba.

To mene ne "ba ka da ƙafa"? Abu ne da ake aunawa, ba zagi ba ne. Cire takalmi ka auna da tafin ƙafarka. Ap sogi tsawon ƙafa uku ne daga diddigen baya zuwa yatsun gaba, wato tazarar ƙafa ɗaya a tsakani, gwiwoyi a miƙe. Ap kubi ƙafa huɗu zuwa huɗu da rabi, gwiwar gaba a lanƙwashe har in ka sunkuyar da ido ta kusa rufe maka yatsunka, ta baya a miƙe, diddige manne da ƙasa, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinka a gaba. Dwit kubi kuwa ƙafafun suna yin kusurwa, ta gaba tana kallon gaba ta baya tana kallon gefe, gwiwoyi biyu a lanƙwashe, kusan kashi 70 cikin 100 na nauyi a baya. Gwajinsa mai sauƙi ne: in kana cikin dwit kubi na gaskiya, za ka iya ɗaga ƙafar gaba kaɗan ba tare da ka fara jan jiki baya ba. In sai ka ja baya kafin ta ɗagu, tsayuwar da kake yi ba ta da suna, tana tsakanin biyu. Wanda ya koya daga waya kusan kullum nan yake faɗawa, don ido hannu yake bi. Hannu ne ke walƙiya a bidiyo. Ba wanda ke zama da daddare yana kallon diddigen wani.

Maganar tashi da sauka kuwa, ina da zato, kai za ka tabbatar. Tekwando gida biyu ne manya. Akwai na Kukkiwon, wanda ke tafiya da hukumar World Taekwondo, shi ne na gasar Olamfik, shi kake koya. Akwai kuma na ƙungiyar ITF, wadda Janar Choi Hong Hi ya kafa a 1966. Su nasu jerin 24 ne, suna kiran su tul, suna farawa da Chon-Ji mai motsi 19, sai Dan-Gun, sai Do-San. Da yawa daga makarantun ITF da gangan suke koyar da a ɗan sauka, a tashi, a sake sauka a kan kowane motsi, don a wurinsu nauyin jiki da ke faɗowa shi ke ƙara wa bugu ƙarfi. A gidan Kukkiwon kuma so ake kai ya tafi a layi ɗaya in kana takawa daga tsayuwa zuwa irinta, ƙarfi ya fito daga murɗa ƙugu. Waya ba ta san wannan bambanci ba, duk abin da aka rubuta wa tekwando za ta jero maka. Koma ka duba abin da ka kalla. In ka ga masu farar riga mai buɗaɗɗen gaba suna lilo sama da ƙasa suna fitar da iska da ƙara a kowane motsi, to ka sha daga rijiya biyu. In ba haka ba ne, to cinyoyinka ne ke gajiya, kana miƙewa ka huta a tsakiyar kowane taku ba ka sani ba. Ko wanne ne, magani ɗaya ne.

Samo gawayi ko alli. Zana ɗan gicciye a ƙasa inda za ka tsaya, ka sa ƙafar hagu a kai. An tsara Taegeuk ne a kan layi uku a kwance da layi ɗaya a tsaye da ya ratsa su, kuma in tsawon takunka na tafiya ya yi daidai da na dawowa, dole ka ƙare inda ka fara ko dab da wurin. In ka ƙare gaba da alamar, takun dawowarka gajere ne. In kullum gefe guda kake zamewa, a juyi kake ɓata, mai yiwuwa a kan diddige kake juyawa maimakon gaban tafin ƙafa, ƙasan yatsu. Alamar nan ba ta jin kunyar kowa, ba kuma za ka ce ta fi son wani yaro ba.

Na wata biyu masu zuwa, ka ajiye na biyar zuwa na takwas. Koryo ma ka bar shi ya huta, ba inda zai je. Kullum bayan asuba, kafin ka fita kasuwa, minti 20 sun isa. Fara da hannu biyu a ƙugu, ka taka Taegeuk na ɗaya da ƙafa zalla, ba naushi ba kariya. Za ka ji abin ya zama baƙo, har ka rikice a jerin da kake taƙamar ka haddace, domin hannu ne ke tuna maka hanya. Haka za ka yi wa na huɗu. Sannan ka mayar da hannu, amma a hankali ƙwarai, kana tsayawa a kowane motsi ka ƙirga uku kana duba kanka: naushin tsakiya yana daidai ƙahon zuci ko ya tashi zuwa kafaɗa, kariyar sama ta bar tazarar dunƙulen hannu ɗaya daga goshi, hannun da ba ya aiki ya koma ƙugu da ƙarfi ko yana reto. Kai ne ke fara juyawa, ido ya ga inda za a je, sannan jiki ya bi. Hannu da ƙafa kuma su tsaya tare. Sai a ƙarshe ka yi shi sau ɗaya ko biyu da cikakken ƙarfi da kihap ɗinsa, wato gajeren ihun da ake yi a kan bugu. Ɗaya mai kyau ya fi goma na gaggawa, don jiki abin da aka maimaita masa yake riƙewa, ko daidai ko kuskure.

In ɗakinka ƙarami ne, ba sai ka yi shi duka ba. Ɗauki wurin da ke ba ka wahala, wancan juyi da shurin da ake maido ƙafa, ka yi ta yi hagu da dama. Wani lokaci kuma ka sauya inda kake fuskanta, don mutane da yawa da ƙofar ɗaki da taga suke haddace pumse, ranar gwaji a kai su wani fili su rasa gabas.

Wayar da ta kai ka nan kuma, juya ta. Jingina ta da bango ta ɗauke ka, sau ɗaya daga gaba, sau ɗaya daga gefe. Sana'arka ce duba ƙananan abubuwa, ka duba kanka kamar yadda kake duba wayar da aka kawo maka gyara. In za ka kalli wani, ka tsaya ga bidiyon Kukkiwon kansu, ka kuma tuna wanda ke fuskantar ka hagunsa damanka ne.

Gwiwar nan kada ka yi wasa da ita. Ka ce ta hagu ce, kuma a shurin gefe. Yawanci abin da ke faruwa shi ne ƙafar da ke ƙasa ba ta juyawa. A shurin gefe sai ka murza gaban tafin ƙafar da kake tsaye a kai har diddigenta ya kusa kallon inda kake shuri. In ta kafe a ƙasa, ƙugu ya juya shi kaɗai, gwiwa ce ke ɗaukar murɗar. Siminti mai kaushi da takalmin roba mai kama ƙasa suna ƙara tsananta abin, ga faso lokacin hunturu da ke sa mutum tsoron murza ƙafa. Sauko da shurin zuwa tsayin ƙugu, ka dafa bango, ka ɗaga gwiwa, ka juya, ka miƙa, ka naɗe, ka sauke, kowanne daban. Tsayi zai zo daga baya. Amma in gwiwar tana kumbura, ko tana kullewa, ko kana jin za ta zame maka a kan matakala, ka dakatar da shuri ka je asibiti a duba, kada ka tsaya ga man zafi da ɗauri.

Yanzu tambayarka ta Alfaga. Gaskiyarka, ba da pumse Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci wa Nijar azurfa a Rio a 2016 ba, ba kuma da shi ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017 ba. Haka Chika Chukwumerije da ya kawo wa Najeriya tagulla daga Beijing a 2008. Wannan kyorugi ne, fafatawar mutum biyu, kuma shi kaɗai ake yi a Olamfik tun da tekwando ya shiga a hukumance a Sydney a 2000. Ba zan yaudare ka ba: pumse ba ya koya maka auna tazara tsakaninka da abokin karawa, ba ya koya maka lokacin shiga, ba ya koya maka shan bugu ka ci gaba. Ba mai hankalin da zai ja hannu zuwa ƙugu a gaban wanda ke neman kansa. Duk wanda ya ce maka pumse kaɗai zai sa ka iya faɗa, ya faɗi son ransa. Abin da yake bayarwa daban ne: tsayuwa da ƙafa ɗaya ba tangaɗi, hagu ta yi aiki kamar dama, numfashi, da iya tsayar da jiki cak a inda ka ga dama. Shi ne kuma ɓangaren da mutum zai iya yi shi kaɗai, ya kuma ci gaba da yi bayan shekarun fafatawa sun wuce. Yana da gasarsa ta duniya tun 2006, har da rukunin dattawa. Mutum mai hadda irin taka, in ya samu ƙafa, nan ne ma zai fi haskawa. In kuma zuciyarka kyorugi take so, ka faɗa wa koci ya ƙara maka lokacinsa, amma ba za ka kai baƙin bel ta wata hanyar da ta kewaye pumse ba.

Batun yaron, na san shi ne ainihin abin da ke ci maka rai, ko da a tsakiyar wasiƙa ka saka shi. Ba daɗi mai gemu ya koma layin baya, ƙaninsa yana gaba. Amma yara sun fi mu sakin jiki, kuma ba sa zuwa da abin da za a kankare. Shi abu ɗaya aka ba shi ya yi ta yi, kai takwas ka ɗauko wa kanka. Da ni ne kai, bayan an tashi sai in ce masa ya tsaya ya kalli ƙafata a layin tsakiya na huɗu, ya faɗa mini abin da ya gani. Yaro ba ya ɓoye-ɓoye.

Wancan kulob na wata biyu, ka yi lissafi da kanka. Kalar bel kafin baƙi al'amarin kulob ne, shi ya sa ma kaloli ke bambanta daga wuri zuwa wuri. Za su iya ɗaura maka ja kafin babbar salla, ba wanda zai hana su. Amma ranar da ka tsaya gaban masu jarrabawar dan, ko ka shiga gasar jiha, dwit kubi ɗinka za a kalla, kuma a lokacin gyaran ya fi tsada, don jiki ya riga ya saba. Akwai dalilan barin koci na gaskiya: in yana dukan ɗalibai ko wulaƙanta su, in yana tilasta maka shuri a kan gwiwa mai ciwo, in yana karɓar kuɗin gwaji ya kayar da kai don ka sake biya, ko in shi kansa ba ya iya nuna takardar dan ɗinsa. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Hasali ma cewa ka yi dakatar da kai yake yi tun kafin gwajin, wato kuɗinka ma ya tsare maka.

Abin da ya rage shi ne ka same shi, ba a gaban ɗalibai ba, ba kuma ranar gwaji ba. Kada ka buɗe da maganar yaron, kada ka ce ka iya takwas. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, Malam, na ji gyaran da ka yi mini, ina so ka nuna mini abu biyu da zan fara da su a Taegeuk na huɗu, in yi wata guda a kansu in dawo ka duba. Ka faɗa masa maganar gwiwar a wannan zaman, don ya san abin da zai rage maka. Ka kuma nuna masa bidiyon da kake kallo, ya ware maka wanda za ka riƙe da wanda za ka goge. In wata uku suka wuce kana komawa kan alamar gawayinka, shi kuma har yanzu ba ya iya faɗa maka takamaiman abin da ya rage, sai ka roƙe shi ya bar wani babban mai baƙin bel daga ƙungiyar tekwando ta jiharku ya duba ka, ku ji ta bakin na uku.